Ƙarin biya a kan bashin gida: tsarin yana aiki, amma ban jingine kekena ba

Bankin da ya ba ni lamunin sayen gida yana da wani tsari a manhajarsa ta waya, wanda ke ba mutum damar ɗora wani abu a kan kuɗin da aka yanka masa duk wata. Na jima ina amfani da shi, kuma zan faɗi hukuncina tun daga farko. Yana yin abin da aka ce zai yi, har ma ya zarce zatona. Inda nake da ja shi ne yadda yake jan mutum ya juye duk abin da ke aljihunsa a ciki, alhali shi kansa lissafin bai nemi haka ba.

Sai an ga lissafin ake gane amfanin abin. A ce bashin 100,000 ne, a kowane irin kuɗi, ruwansa kashi 5 cikin 100 a shekara, wa'adinsa shekara 25. Biyan wata zai kama 585. A watan farko, 417 daga ciki kuɗin ruwa ne, 168 kacal ke taɓa uwar kuɗin. Idan mutum ya bi wa'adin har ƙarshe, zai ba banki fiye da 75,000 a kan abin da ya karɓa. To, duk abin da ka ƙara a sama, kai tsaye yake faɗawa kan uwar kuɗin, ruwan wata mai zuwa kuma sai a lissafa shi a kan abin da ya rage. Wanda ya ɗora 100 duk wata zai gama cikin shekara 18 da wata 10, ya tsira da kusan 21,000. Ranar da na fara ganin irin wannan lissafi a kan nawa bashin, sai da na sake bugawa da hannu don na ɗauka na'urar ce ta yi kuskure.

Ta fuskar sauƙin aiki, na yaba wa manhajar. Ka shiga, ka rubuta adadin, ka tabbatar, shi ke nan. Kana iya sa shi ya riƙa fita da kansa duk wata, ko ka jefa wani abu duk lokacin da ka samu rara. Bankina yana lissafa ruwa kullum, saboda haka abin da na biya yau, gobe ya fara rage mini nauyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai tsofaffin yarjejeniyoyi da sau ɗaya a shekara ake sake lissafi, kuɗinka su yi watanni a hannun banki ba su tsinana maka komai ba. Duk mai son fara ƙarin biya ya tambayi wannan kafin komai.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne zaɓin da suka ɓoye. Idan ka yi ƙari, hanya biyu ce: ko a rage maka wa'adi biyan wata ya tsaya yadda yake, ko a rage biyan wata wa'adi ya tsaya. Ta farko ce ke kawo babbar riba. Bankin kuwa ta biyu ya ɗora ni a kai ba tare da ya tambaye ni ba, kuma babu maɓallin sauyawa a manhajar. Sai da na kai ruwa rana a waya, wannan ya miƙa ni ga wancan, kafin aka gyara. Ma'aikaciyar da ta ƙarasa aikin ta yi mini bayani da haƙuri, Allah ya saka mata, amma bai kamata a ce sai mai naci ne zai san da wannan zaɓi ba.

Haka zancen tara. Yarjejeniyata ta ƙayyade abin da zan iya ƙarawa a shekara, in na haura sai a ci ni tara, amma manhajar ba ta nuna nawa ya rage mini kafin in kai iyakar. Ni nake rubutawa a littafi. Ƙa'idar nan ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya bankuna da yawa suna barin kashi 10 cikin 100 a shekara ba tara, muddin kana cikin lokacin da aka tsayar maka da ruwa wuri ɗaya. A Faransa doka ta hana tarar ta wuce ruwan wata 6 ko kashi 3 cikin 100 na ragowar bashin. A Amurka dokar da aka yi a 2010, bayan rikicin bashin gidaje na 2008, ta taƙaita irin wannan tara ƙwarai. Kowa dai ya buɗe takardarsa ya karanta, har da ranar da shekarar lissafin take farawa, don ba lallai ta zo daidai da Janairu ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. A saman shafin akwai ranar da bashinka zai ƙare, kuma duk ƙarin da ka yi sai ka ga ta matso. Ganin wannan rana tana matsowa yana da daɗin da ke shiga rai. Kafin ka ankara, komai ka ɗauka a hannu sai ka auna shi da watannin bashi. Ni mai son hawan keke ne, irin tafiya mai nisa a ƙarshen mako, kuma keke yana da cinsa. Sarƙa tana miƙewa da tafiya, in ba a sauya ta a kan lokaci ba sai ta cinye haƙoran giya, gyaran ya ninka. Taya tana suɗewa, robar burki tana ƙarewa. Akwai lokacin da na tsaya riƙe da sabuwar sarƙa, ina juya ta a tafin hannu, zuciyata na cewa wannan kuɗin fa da ya rage kwanaki daga bashi. Manhajar ma tana taya zuciyar, don takan aiko da saƙo cewa da ka ƙara kaza da ka gama da wuri. Ba ta taɓa aiko da saƙon da ke cewa abin da kake yi ya wadatar ba.

Amma a koma ga wancan misali na 100,000. Ƙarin 50 a wata yana yanke wata 43 daga wa'adi. Ƙarin 100 yana yanke 74, wato 50 ɗin ta biyu wata 31 kawai ta kawo. Ƙarin 200 kuwa wata 118 yake yankewa, bai kai ninkin 74 ba. Ƙarin farko shi ne mai ƙarfi, kowane da ya biyo baya kwanakin da yake saya maka raguwa suke yi. Kuɗin da mutum zai tatso ta hanyar kashe abin da ke faranta masa rai, su ne na can ƙarshen layi, masu ƙaramin tasiri. Wannan ne manhajar ba ta nunawa, kuma a ganina shi ne babban giɓinta. Tana nuna maka abin da za ka samu in ka ƙara, ba ta jera maka matakan gefe da gefe ka ga inda ribar ta fara sirancewa.

Akwai kuma abin da lamba ba ta kamawa. Ƙafar da ke iya hawa tudu a yau ba ita ce za ta kasance bayan shekara 20 ba, abokan tafiyar ma ba lallai suna nan ba. Bashi zai jira ka da ruwansa, wannan gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Sai dai gida mai takarda a hannu da mutum ya shiga a gajiye, ya manta yadda ake jin daɗin ranar hutu, ba shi ne burin da na ci bashin dominsa ba.

Tsarin da na tsaya a kai mai sauƙi ne. Ranar da albashi ya shigo, ƙarin bashi yana fita da kansa, adadi ɗaya da ba na taɓawa. Kuɗin keke ma suna fita a ranar zuwa wani asusu dabam, kuma abin da ke cikinsa na kashewa ne, ba na jin nauyin kowa. In wani kuɗi ya faɗo ba zato, kaso mafi tsoka ya tafi bashi, sauran ya shiga asusun keke. Tun da na raba su, na daina buɗe manhajar kullum, sai ƙarshen wata.

Ba kowa zan ba shawarar ya fara ba. Kuɗin da ka zuba a bashin gida sun shiga bango, a yawancin yarjejeniyoyi ba a ciro su ranar da aiki ya tsaya ko rashin lafiya ta zo, kuma ƙarin da ka yi jiya ba lallai ya ɗauke maka biyan gobe ba. Sai ka fara tara abin da zai riƙe gida na wasu watanni. Mai bashin katin banki ko wani bashi da ruwansa ya fi na gida, can ya kamata ya fara. Wanda kuma ya bi hanyar da babu ruwa, irin haɗin gwiwar da kake sayen kason banki sannu a hankali kana biyan haya a kan ragowar, shi ma ya tambaya ko an yarda ya sayi ƙarin kaso, domin hayar tana sauka ne gwargwadon yadda kason bankin ya ragu.

Zan ci gaba da amfani da tsarin. Na rubuta wa bankin buƙatu biyu: su fito da zaɓin rage wa'adi fili a shafin biya, su kuma riƙa nuna abin da ya rage kafin a kai iyakar tara. Sun amsa cewa sun karɓa, ina jiran in gani a manhajar.