Garejin da ƴan kulob ɗinmu na Fijo ke kai mota kafin tafiyar Sallah, ga abin da na gani

Mutane da dama sun tambaye ni a waya wai ina muke kai motocinmu a duba mana kafin mu kama hanyar gida lokacin Babbar Sallah, shi ne na ce bari in rubuta a wuri guda kowa ya karanta. Ba zan kama sunan garejin ba saboda akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kai kuma bana son in ɓata wa bawan Allah sana'a, amma a Kaduna yake ta ɓangaren kudu, duk wanda yake buƙata ya san yadda zai same ni.

Mu dai ƴan wata ƙaramar ƙungiya ce ta masu son tsofaffin Fijo, yawancinmu 504 ne da 505, sai ƴan 406 da suka shigo daga baya. Akwai ɗan kasuwa a cikinmu, akwai malamin makaranta, akwai tsohon direban haya da ya yi shekaru yana Kaduna zuwa Kano, akwai kuma wani dattijo da ya yi aiki a kamfanin Peugeot na Kakuri tun zamanin da ake harhaɗa motocin nan a garin nan. Ai kun san tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, ita kuma 504 a 1968 ta fara fitowa a Faransa, amma ƙasar nan ta riƙe ta har bayan Turawa sun daɗe da daina ƙera ta a can, shi ya sa har yau idan ka shiga Panteka ko wajen masu kayan gyara ba ka rasa abin da za ka ɗaura mata. Toh mota mai wannan shekaru ba a wasa da ita a kan babbar hanya, musamman ranar jajibiri da kowa ke sauri, ga iyali a ciki ga kaya ga wani lokaci har da rago.

Tsarin da muka yi da mai garejin, wanda muke kira Oga, shi ne kamar sati biyu kafin Sallah sai ya ware mana rana, mu kawo motocin bi da bi, ya duba kowace daga gaba har baya. Kuɗin dubawa daban ne, kuɗin gyara daban, kuma ko bai samu komai ba sai ka biya na dubawar. Da farko wasu sun yi gunaguni, wai ya za a yi mutum ya biya kuɗi ba a ɗaura masa komai ba, amma ni a ganina wannan shi ne ma ya sa na yarda da shi, domin bakaniken da ba ya cin komai sai ya canza maka kaya dole ya nemo abin da zai canza ko da lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi burge ni da Oga shi ne daga taya yake farawa, ba daga inji ba. Mu kam da ka ce mana sabis sai hankalinmu ya tafi wajen juyen baƙin mai da filogi, shi kuwa sai ya tsuguna ya goge gefen tayar da tsumma ya nemo lambobin nan guda huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali idan ka ga 2319 to a sati na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. A motar malamin makarantarmu tayoyin baya zanensu raɗau kamar sababbi, ya saye su ne a hannun masu tayar Beljiyam yana ta murna ya yi arha, da aka haska da fitilar waya sai ga ƙananan tsaga-tsaga a gefe duk sun zagaye ta, robar ta bushe ta yi tauri. Oga ya ce masa, "Malam, wannan a cikin gari za ta kai ka makaranta ta dawo da kai, amma ka ɗora mata iyali da kaya ka yi gudun ɗari da ita a kwalta mai zafi, ni dai ban sa hannu ba." Jami'an kiyaye haɗurra su shekara huɗu suke faɗa a kan taya daga ranar da aka yi ta, wasu na ganin sun tsaurara, amma ko ba ka yarda da lissafinsu ba ai tsagar da idonka ya gani ba ta buƙatar gardama. Kuma har safaya sai ya sa an sauko da ita an gwada iskarta, a 504 ta ƙarƙashin but take rataye a baya, wasu sai a yi shekara ba a ko leƙa ta ba, ranar da aka buƙace ta a tarar ba iska ko kuma ƙarfen da ke riƙe ta ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa.

Ya kuma ja mana kunne kan iska, wai a gwada da safe tayar tana da sanyi, kada mutum ya yi tafiya mai nisa ya tsaya wajen mai faci ya ga geji ya hau ya ce a rage, zafi ne ya ɗaga ta, idan ka rage to da ta huce ta zama ba ta da isasshiya, kuma tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke yin zafi ta fashe in an yi lodi.

Daga nan sai birki. Yana cire taya ya duba kaurin birki fad, ya bi robobin da man birki ke bi ya lanƙwasa su ya ga ko sun tsage, sannan ya buɗe kofin man ya ɗiba. Na motata ya fito baƙi ƙirin, ya ce min man birki yana shan danshi daga iska a hankali a hankali, idan ruwa ya yi yawa a ciki kuma birki ya ɗau zafi sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai. Kamar duk shekara biyu ya kamata a juye shi gaba ɗaya, ba ƙari kawai ba da muka saba. Ya juye min, yaro ɗaya yana ciki yana famfo, shi Oga yana ƙasa yana buɗe nonon kowace ƙafa har sai da mai ya fito garau ba kumfa. Gaskiya da na fito na taka na ji bambanci, birkin ya dawo sama ya yi ƙarfi.

Wajen lagireto ne aka yi muhawara mai zafi, domin kusan rabinmu an cire mana tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, tun tuni an kuma haɗa fanka kai tsaye, abin da bakanikai da yawa ke yi kenan a ƙasar nan da sunan wai motar Turai ce ba ta san zafinmu ba. Oga bai yarda da wannan ba sam, shi da dattijonmu na Kakuri bakinsu ɗaya, sun ce inji yana da zafin da yake son ya yi aiki a kai, in ka hana shi kaiwa can sai ya riƙa shan mai yana cin kansa a hankali, kuma in mota tana zafi to akwai dalili, ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji, ko fambel ya saki. Tsohon direbanmu kuwa ya dage shi shekara da shekaru ba tamostat yake tafiya bai taɓa kwana a hanya ba. Ba a rabu an daidaita ba, shi ya bar tasa yadda take, ni da wasu muka sa aka mayar mana aka wanke lagireto aka zuba ruwan sanyaya inji na kanti. Abin da na yaba shi ne Oga bai tilasta kowa ba, ya faɗi nasa ya yi shiru.

Masu 406 kuma tambayar da ya fara yi musu ita ce yaushe rabon da a canza bel ɗin taimin, tunda ita bel gare ta ba sarƙa ba kamar tsohon injin 504, in ya tsinke kana gudu sai ya lanƙwasa bawul, tafiya ta ƙare a nan. Biyu daga cikinsu ba su ma sani ba tunda a hannu suka sayi motar, sai aka buɗe murfin aka duba.

Sauran abubuwa ya bi su da sauri, batir, fitilu, sigina, hon, boljoyin da tayarod, sai waifa tunda Babbar Sallah a ƴan shekarun nan cikin damina take faɗowa kuma robar waifa ranar bazara ta riga ta gama da ita.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Na farko lokaci, mutumin nan shi kaɗai yake son ya taɓa komai da hannunsa, yaransa ba ya sakar musu aiki, to in kun zo da mota shida sai wani ya wuni tun hantsi har bayan la'asar ba a zo kansa ba, kuma wurin zama benci ɗaya ne a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, in ruwa ya sauko sai dai kowa ya shige motarsa. Na biyu kuma wanda ya fi damuna shi ne maganar kuɗin kaya, sai ya tura yaro kasuwa ya sayo abu a ɗaura sannan a faɗa maka farashi, ba rasit ba komai. Ban ce ya cuce ni ba, da na bincika a kasuwa bambancin ba shi da yawa, amma mutum yana lissafin rago da ɗinkin yara da kuɗin mai ya kamata a gaya masa tun kafin a kwance. Mun yi masa magana a ƙungiyance, ya ce zai gyara, kuma a motoci biyun ƙarshe na ga ya kira masu su ya faɗa musu kafin ya aika. Na uku ba shi da na'urar alaimin da balansin, sai ka ɗauki mota ka kai wani wuri, ga wanda ya canza tayarod wannan ƙarin wahala ne da ƙarin kuɗi. Sannan wani yaronsa ya mayar da tayar ɗaya daga cikinmu bai ɗaure notuna sosai ba, Allah ya taimaka al'adarmu ce kowa ya bi notunansa da sifana kafin a bar gareji, a nan aka gano. Oga ya yi wa yaron faɗa sosai a gabanmu, amma dai wannan ba ƙaramin sakaci ba ne kuma dole in faɗe shi.

Duk da doguwar jirar, wallahi ranar garejin nan tana cikin ranakun da nake jin daɗinsu a shekara. Wani ya kawo tabarma, wani ya aika a sayo masa da miya, ana shayi ana gardamar wace ce ta fi tsakanin 504 da 505, kowa ya buɗe but ɗinsa ana musayar kaya, mai fambel biyu ya ba wanda ba shi da shi, wani ya zo da kondensa da kontak na ajiya. Lokacin da aka ce malam sai ya canza taya biyu kuma albashi bai shigo ba, ba wanda ya yi dogon bayani, ɗan kasuwarmu ya ja shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, washegari sai ga sababbin taya a motar, ya biya daga baya a hankali. Dattijonmu kuma zai zauna kusa da inji yana sa kunne, kafin Oga ya ce komai ya riga ya ce kabireto ne ke shan iska ta gefe, kuma sau da yawa haka ɗin ne.

Ranar tafiya bayan asuba muke haɗuwa ta Kawo, ba ma tafiyar dare ko kaɗan saboda yanayin tsaro da kuma manyan motocin da ke lalacewa a kan hanya ba alama. Kafin a tashi sai an leƙa but ɗin kowa an ga jak da sifanar taya da tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, da galan na ruwa da igiyar ja, takardun mota kuma a gaba. Tsohon direba ne ke jan gaba, mai kayan aiki a ƙarshe, kuma mun yi yarjejeniya ba mai wuce ɗari ko hanya ta yi kyau, wanda dama shi ne iyakar da doka ta ba ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwaye, in an shigo gari kamar Jaji ko Tashar Yari a sauko sosai saboda masu tsallakawa da ƴan talla. Kowa ya ajiye 122 a wayarsa, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra. Muna tsayawa a Zariya a taɓa tayoyi a ji zafinsu a leƙa ƙarƙashin mota ko wani abu na ɗiga, a sake tsayawa wajen Kwanar Dangora, in an isa Kano sai a rabu, masu Daura su bi ta Kazaure, sauran kowa ya kama gabansa, kuma ba a rufe maganar tafiya a guruf sai mutum na ƙarshe ya rubuto ya sauka lafiya.

A tafiyar bana mota ɗaya ce ta ba mu matsala, 505 ce ta fara shaƙewa bayan mun wuce Zariya, ashe datti ne daga tanki ya toshe filtar mai, abin da ba a duba ba a gareji. Akwai sabuwa a but ɗin wani, cikin ƴan mintuna aka canza aka ci gaba. Da muka dawo mun gaya wa Oga, ya karɓa ba musu ya ce daga yanzu filtar mai ta shiga cikin abin da zai riƙa dubawa.

In za ka je, ka je da wuri, sati biyu kafin Sallah ba saura kwana biyu ba, domin in an samu abin da sai an nemo a Panteka ko an aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano kana da lokaci, kuma bayan gyara ka samu ƴan kwanaki kana yawo da motar a gari ka ji ko akwai abin da bai zauna ba. Ka ce a faɗa maka kuɗin kaya kafin a sayo, ka tsaya a mayar da tayoyinka a gabanka. Ga mai tsohuwar Fijo ina ba da shawarar wurin ba tare da shakka ba, mai sabuwar mota mai kwamfuta kuwa gara ya nemi inda suke da na'urar dubawa, don Oga da kansa yana faɗa cewa wannan ba layinsa ba ne.