Na'urar Intanet Mai Layin Waya: Ko Ta Cancanci Kuɗinta?

Ga gidan da bai samu wayar fayiba (wayar da ke kawo intanet mai sauri har cikin gida) a unguwarsa ba, na'urar intanet mai ɗaukar layin waya ita ce zaɓi mafi sauƙi, amma darajarta ta dogara ne kacokan a kan ƙarfin sabis a cikin ɗakin da za a ajiye ta, domin katangar siminti kan rage shi sosai. Abin da ya fi damuna shi ne tsarin da ake kira marar iyaka, wanda sau da yawa ake rage masa gudu da zarar an cinye wani adadi na data, har bidiyo ya riƙa tsayawa. Starlink, tsarin intanet ta tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, ya fi sauri a ƙauye, sai dai kuɗin kayansa da na wata sun yi wa yawancin magidanta nauyi, kuma yana buƙatar wutar da ba ta yankewa.