Makirufo maras waya na Shure BLX14 a wasan kwaikwayon matasan ikilisiya: inda ya yi da inda ya gaza

Wasan kwaikwayo a majami'a ya girmi lasifika nesa ba kusa ba. Tun wajen shekarar 970 Bishof Ethelwold na Winchester a Ingila ya tsara yadda sufaye huɗu za su nuna labarin safiyar tashin Yesu daga matattu: ɗaya ya zauna bakin kabari a matsayin mala'ika, uku su zo a matsayin matan da suka kawo kayan ƙanshi, ya tambaye su wa suke nema. Sufayen nan manya ne da suka saba rera waƙa kullum, a ginin dutse mai ɗaukar murya. A zumuntar matasa ta yau kuwa, yarinya 'yar shekara 14 ce take fitowa a Maryamu, fanka na juyawa a sama, jarirai na kuka a baya, rabin maganarta kuma ta juya wa jama'a baya take yin ta. In na bencin ƙarshe bai ji kalmomin ba, saƙon bai isa ba, komai kyan suturar da aka ɗinka. Da wannan ma'auni muka auna BLX14.

Kayan kashi uku ne. Akwai BLX1, ɗan akwatin da mai wasa yake maƙalawa a ƙugu, mai cin batir biyu samfurin AA. Akwai BLX4, akwatin karɓa da ake ajiyewa wajen miksa, wato na'urar da ake haɗa sautuka a daidaita su kafin su je lasifika. Sai kan makirufon, wanda ake cusa wayarsa a BLX1 ta wani soket mai ƙafa huɗu. Kamfanin ya ce batir mai kyau na kai awa 14, nisan aiki kuma ya kai ƙafa 300, wato mita 91, muddin babu abin da ya shiga tsakani. Wannan sharaɗin na ƙarshe a riƙe shi, za mu dawo kansa.

Wurin zaɓen kan makirufo ne yawancin ƙungiyoyi suke tafka kuskure, domin BLX14 suna ɗaya ne amma kawunan da ake haɗa shi da su daban-daban ne. CVL shi ne ƙaramin da ake maƙalawa a wuyan riga. Ya dace da fasto mai tsayawa wuri ɗaya yana wa'azi, bai dace da wasa ba: da mai wasa ya waiwaya murya ta ragu, da ya rungumi ɗan'uwansa sai a ji gurnanin yadi, kuma da yake ya yi nisa da baki dole a ƙara masa ƙarfi, nan da nan lasifika ta fara kuwwa. PGA31 da SM31FH duka ana sa su a kai ne, waya ta zagayo ƙeya, makirufon ya tsaya a gefen baki. Dukansu daga gaba suka fi ɗaukar sauti, saboda haka suna jure hayaniya, kuma an ƙera SM31FH don ya jure gumi. Aibinsu ɗaya, ana ganinsu sosai. Annabi Iliya da baƙar waya a kumatu yana raba hankalin masu kallo. MX153 kuwa siriri ne, kunne ɗaya ake rataya shi, yana zuwa da launi uku har da ruwan koko mai sajewa da baƙar fata, kuma muryar da yake bayarwa ta fi kama da ta mutum. Sai dai ta kowane ɓangare yake ɗauka, don haka ya fi saurin kuwwa in lasifika na kusa. Ra'ayinmu: ƙaramin ɗaki mai amsa-kuwwa da matasa masu tsalle-tsalle, a ɗauki SM31FH. Dandali mai faɗi inda lasifikoki suke can gaba da 'yan wasa, MX153 ya fi.

Saitin ba shi da wuya, amma yana da tsari, kuma tsallake tsarin ne ke haifar da yawancin abin da ake ɗora wa na'urar laifinsa. A kashe duk akwatunan ƙugu tukuna. A kunna akwatin karɓa na farko, a danna maɓallin rukuni ya nemo inda babu cunkoso. Zai nuna harafi ɗaya da lamba ɗaya. A kunna akwatin ƙugunsa, a sa masa wannan harafi da wannan lamba da hannu. Daga nan a bar shi a kunne. A je akwatin karɓa na biyu, a sa shi a rukuni ɗaya da na farko, a danna maɓallin tasha ya nemo tasa. Haka har na ƙarshe. Dalilin barin na farko a kunne shi ne na biyu ya ji shi ya kauce masa. In aka kashe, sai su faɗa tasha ɗaya, Bitrus ya riƙa fitowa ta layin Yahuda. Kuma duk lokacin da aka ɗauki wasan zuwa wata ikilisiya ko filin taro, a sake binciken daga farko, domin tashoshin talabijin da ke cika iska a wannan gari ba su ne na wancan ba.

A miksa, a yi amfani da mafitar XLR, wato soket mai ƙafa uku da ke bayan akwatin karɓa, a yanke ƙasan sauti daga wajen 100 Hz don rage huci da dukan ƙafa. Makirufon ya tsaya kamar santimita ɗaya da 'yan kai daga kusurwar baki, ba gaban leɓe ba, in ba haka ba duk "f" da "b" za su riƙa fashewa. Akwai ɗan abin murɗawa na ƙarfin sauti a jikin BLX1. A gwada shi da mafi ƙarfin ihun da ke cikin wasan, ba da "gwaji, ɗaya, biyu" ba. Matashin da yake magana a hankali ranar atisaye shi ne zai ƙwala "A gicciye shi!" da iya ƙarfinsa ranar Juma'a Mai Kyau. In fitilar sauti a akwatin karɓa ta zauna a ja, an yi yawa, a rage.

Sauti dai yana da tsabta, kuma da yake ba na dijital ba ne, babu jinkiri tsakanin motsin baki da fitar murya. Wannan na da muhimmanci a wasan da ake haɗa waƙa da magana.

Inda ya gaza kuma ba ƙarami ba ne. BLX1 ba shi da maɓallin yin shiru, kunnawa da kashewa kawai. Ke nan duk nauyin yana kan mai miksa. Dole ya riƙe kwafin wasan a gabansa, an yi wa shiga da fitar kowa alama, ya buɗe layi daidai lokacin shiga ya rufe daidai lokacin fita. In ba haka ba, jama'a za su ji Hirudus yana neman rawaninsa a bayan labule a tsakiyar addu'ar Zakariya. Muna ganin bai kamata a ba wannan aiki ga wanda bai halarci atisaye ba, ko da shi ne gwanin kayan sauti na ikilisiyar. Haka kuma in mutum biyu suka matso fuska da fuska, kowane makirufo zai ɗauki muryoyin biyu, sautin ya koma kamar daga cikin tulu yake fitowa. Maganin shi ne a rage layin wanda ba ya magana a wannan lokaci.

Gazawa ta biyu eriya ce. Ta BLX4 a ciki take, ba a cire ta balle a kai ta wani wuri. Jikin mutum yawanci ruwa ne, yana shanye siginar, saboda haka ɗakin da ya yi lafiya ranar Asabar da benci babu kowa zai iya yankewa ranar Lahadi da mutum 400 suka cika shi. A ɗaga akwatin karɓa sama da kan jama'a, nesa da ƙarfe da na'urar intanet, ko a ajiye shi gefen dandali a ja dogon XLR zuwa miksa. Wanda majami'arsa ke da tsawo ya nemi BLX4R, mai eriya a waje da allo mai nuna ƙarfin sigina. Batun yawa kuma, kamfanin ya ce har guda 12 na iya aiki tare a wasu zangunan rediyo, amma da zarar an wuce biyar ko shida, tarin akwatuna da wayoyin wuta da saitin hannu sun fara cin lokacin atisaye. BLX88 mai karɓar mutum biyu a akwati ɗaya yana rage tarkacen. Wasan Kirsimeti mai masu magana 15 dai ya fi ƙarfin wannan samfuri, sai dai a riƙa musayar akwatuna tsakanin fitowa, a kuma rubuta jadawalin wa zai miƙa wa wa.

Abin da ya fi kashe waɗannan kaya gumi ne da fizgar waya. Kada akwatin ya taɓa fata. A ɗinka masa 'yar jaka a bel na roba, a sa shi cikin siririyar leda, eriyar ta fito a miƙe ba a naɗe ba. A manne wayar a bayan wuya da filasta, a bar mata ɗan rara yadda mai wasa zai juya kai ba ta ja ba. Kusan kullum a gindin soket take tsinkewa daga ciki, sai a fara jin ƙaras-ƙaras. A kulle maɓallan kafin a miƙa wa yaro. Bayan wasa a cire batir, a shanya kawunan, kada a rufe su da danshi.

Batir kuwa, araha ba ta ado. Awa 14 ɗin nan na alkalin ne, ba na mai arha da ake sa wa agogon bango ba. Masu caji suna aiki, sai dai ƙarfinsu kan faɗi farat ɗaya, jar fitilar gargaɗi ba ta ba da isasshen lokaci. Na atisaye daban, na ranar wasa sabo.

Wajen saye, a duba zangon da aka rubuta a jikin akwatunan biyu, kamar H9 ko K3E ko M17. Dole ya zama ɗaya, kuma ya zama wanda hukumar sadarwar ƙasar ta yarda da shi. A Amurka, daga watan Yulin 2020 an hana makirufo aiki a yawancin zangon 600 MHz saboda an sayar wa kamfanonin waya, don haka na hannu da ya fito daga can sai an bincika. Jabun kayan Shure ma sun yi yawa, saye daga dillalin da kamfanin ya amince da shi ya fi kwanciyar hankali.

Ga ƙungiya mai manyan 'yan wasa biyu zuwa shida, a ɗaki matsakaici, da mutum ɗaya da zai zauna kan miksa tun daga atisayen farko, muna ba da shawarar BLX14 da SM31FH ko MX153. A ƙara kan makirufo ɗaya na ajiya a cikin kasafin, domin shi ne zai fara lalacewa.