Masu wanke gida da na kira bayan na gama killace kaina saboda korona, ga yadda aikinsu ya kasance

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na tashi daga jinya mutane ke ta kirana suna tambaya wai su waye suka zo suka wanke min gida, nawa suka karɓa, aikin ya yi ko bai yi ba, toh na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai yadda ya faru. Sunansu dai ba zan kama ba saboda akwai inda suka yi min ba daidai ba, kuma yara ne masu neman na kansu, bana son in zama silar rufewar ƙofar wani.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki anan Kano. Babbar sallar shekarar 2021 ta kama ranar 20 ga Yuli, kuma duk wadda ta san ɗinkin sallah ta san yadda ɗaki yake cika da mata, wannan na awo wannan na gwaji wannan ta zo rigimar ba a gama mata ba. Bayan sallah da kamar sati biyu zazzaɓi ya kama ni da ciwon jiki, na ɗauka maleriya ce tunda damina ce, na sha magani kwana uku ba sauƙi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da na zuba turaren wuta a kasko, ina kallon hayaƙi yana tashi har yana shiga idona amma hancina ko alama, kamar an toshe shi. Anan maigidan yace a'a, tashi muje a gwada. Aka zura min tsinken nan a hanci, bayan kwana biyu sakamako ya fito korona ce. Lokacin ne ma ake ta maganar samfurin korona na Delta da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar ya shigo Najeriya a watan Yuli.

Da yake numfashina bai yi ƙasa ba likita yace in zauna a gida amma ni kaɗai a ɗaki, kwana goma daga ranar da ciwon ya fara sannan a ƙara uku ba zazzaɓi ba komai. Ni dai sha huɗu na cika don hankalin kowa ya kwanta. Ɗakin ɗinkina ne mai banɗaki a ciki don haka can na tare, ni da kekena da tulin atamfofi da leshi da shaddodin mutane, yara kuma aka kwashe su zuwa gidan Hajiya surukata.

Wallahi fitowar ta fi min zaman wahala. Ina murna na warke ashe kallon da za'a dinga min ne ke jirana. Mai wankinmu na shekaru ya aiko yaro yace yayi tafiya, alhali ana ganinsa a layi. Yarinyar da ke taya ni aiki uwarta ta hana ta dawowa. Wata kwastoma da ankon bikin ƙanwarta ke wajena ta turo saƙo wai in bar shi kawai ta yafe, leshin da ta saya da tsada. Abin da ya fi bani mamaki wasu daga cikin masu gudun nawa su ne tun 2020 suke cewa korona ƙarya ce, ciwon masu kuɗi ne, har lokacin da aka samu mutum na farko a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020 daga baya aka kulle gari, makabartu suka dinga cika da dattawa, suna nan akan bakansu. Amma da aka ce ga mai ita a maƙota ko sallama sun daina. Ita kuma Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, tace jikokinta baza su dawo ba sai an yi feshi a gidan, kuma ban ga laifinta ba, ta haura saba'in ga hawan jini ga suga, yaran kuma kullum suna jikinta.

A status ɗin wata ƙawata na ga tallar masu wanke gidan. Na kira na faɗa musu gaskiya tun farko cewa korona nayi, don wasu biyu da na fara kira da suka ji haka ɗaya ya kashe waya ɗaya ya ninka kuɗi. Shi wannan ko gezau, cewa yayi "Allah ya ƙara sauƙi Anti, yau kwana nawa da fara ciwon?" nace sha shida, yace ai ba matsala gobe ƙarfe tara muna nan. Muka yi ciniki dubu goma sha biyar, ɗakin ɗinki da falo da kicin da banɗaki biyu, feshi kuma dubu biyar daban.

Ƙarfe tara ta zama sha ɗaya da rabi. Wannan shi ne laifinsu na farko kuma ko waya basu yi ba sai da na kira sau uku, ga hadari yana ta haɗuwa. Su uku suka sauko daga adaidaita sahu, maza biyu da mace ɗaya, da bokitai da mofa da tsummokara masu yawa da injin zuƙe ƙura da tankin feshin nan na goyo irin na manoma. Kowa da takunkumi da safar hannu. Ba wuta, don haka janaretanmu aka tayar kuma man daga aljihunmu, wanda shi ma ba a faɗa min tun a waya ba.

Amma fa da suka fara aiki sai na manta da fushin lattin. Abu na farko da babban nasu yayi shi ne buɗe tagogi duka da ƙofa ya ɗage labule ya kunna fanka, yace a bar iska ta ratsa kafin a taɓa komai saboda ita cutar a numfashi ta fi yawo ba a bango ba. Sannan suka wanke ko'ina da omo da ruwa tukunna kafin maganin ya biyo baya, na tambaye shi meye na aiki biyu, yace datti da maiƙo suna kashe ƙarfin bilic, in ka zuba shi kan wuri mai dauɗa asarar kuɗi kawai kayi. A gabana ya haɗa, Jik ne na kanti wanda ƙarfinsa kashi 3.5 ne cikin ɗari, ya auna kofi ɗaya ya zuba ruwa kofi talatin da huɗu, yace haka ake so ya sauko zuwa 0.1, kuma in an shafa a bar shi ya jiƙa wurin aƙalla minti ɗaya kafin a goge. Ni da a da nake tuttula shi tsagwaro a banɗaki ina ganin hakan ne tsafta. Ya kuma ja min kunne sosai kar in kuskura in haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid ɗin nan, yace hayaƙin da suke fitarwa yana iya kwantar da lafiyayye balle wadda ƙirjinta bai gama warwarewa ba.

Inda suka burge ni ƙwarai shi ne kekena. Ina tsaye ina fargabar kar su jiƙa min shi da bilic yayi tsatsa, sai naga yarinyar ta ciro wata kwalba daban, sifirit mai kashi 70, ta ɗiga a tsumma ta bi kan keken da almakasai da tef ɗin awo da rimot da wayata da makunnan wuta da hannun ƙofa, ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Har man keke ta tambaya ta ɗiga masa bayan ta gama, ashe mahaifiyarta ma tela ce.

Kayan mutane kuwa, wanda shi ne babban abin da ya hana ni barci, da na nuna masa tulin nace ya za'ayi da waɗannan, sai yace "Anti tsakani da Allah waɗannan basu buƙatar komai, ƙwayar bata yin sati biyu a jikin yadi, ko a kan roba da ƙarfe 'yan kwanaki ne. Ki shanya su su sha iska ki bi su da guga shikenan, kar ki bari kowa ya fesa musu magani ya ɓata miki dukiyar mutane." Zannuwan gado da tawul da kayan da na saka ne kawai suka wanke da ruwan zafi da omo. Da ya so cin kuɗina anan zai ci, don a yadda nake a tsorace ko dubu goma yace in ƙara zan bayar.

Toh sai maganar feshi, kuma anan ne nake da ƙorafi na gaske. Shi da bakinsa ya faɗa min gogewar ita ce aikin, feshin bai ƙara komai, amma wai mutane in basu ga tanki a baya ba basa yarda an yi aiki. Daga baya na tambayi 'yar yayata da ke aikin jinya ta tabbatar min ita kanta hukumar lafiya ta duniya bata ba da shawarar fesa bilic a cikin ɗaki ba, shafawa da tsumma tace ayi. Ni dai saboda sharaɗin Hajiya nace ayi, amma tunda ya san haka ai kamata yayi ya rage kuɗin ko ya fesa a tsakar gida da bakin ƙofa kawai. Ƙaramin nasu ne ya goya tankin kuma hannunsa bai faɗa ba, ya bi labulen falo da dardumar sallata, yanzu duk sun yi ɗigo-ɗigon fari, labulen da ko shekara bai yi ba. Sannan babu wanda ya tuna cewa ni bana jin wari, ina tsaye a ciki ina kallo ban san ɗakin ya gume ba sai da maigidan ya shigo yana toshe hanci ya jawo ni waje. Daren nan tari ya dawo min sabo, sai da na kwana biyu ina fama. Wanda ke wanke gidan masu tashi daga korona ya kamata ace wannan ne abu na farko da zai kiyaye.

Katifa ma sun jiƙa ta fiye da kima ga damina, ruwa ya sauko da la'asar, sai da ta kwana uku a jingine kafin ta bushe. Kujerun falo kuma da aka zo biya sai naji wai dubu huɗu ne daban, ni kuma a fahimtata falo ai da kujerunsa ne. Gaba ɗaya dubu ashirin da huɗu na kashe banda mai. Da na nuna wa babban nasu labulen bai yi musu ba, ya bada haƙuri ya mayar min da dubu biyu, bata kai kuɗin labule ba amma naji daɗin da bai tsaya kare kansa ba.

Akwai abu ɗaya da ba'a saka shi a lissafi ba. Da suka gama na kawo musu zoɓo mai sanyi, ina miƙawa ina jin kunya don na riga na saba da a ce min a'a na ƙoshi. Yarinyar nan ta wanke hannu ta sauke takunkumi ta karɓa ta shanye a kofin gidana, ta zauna a kan tabarma kusa da ni tana tambayata nawa nake ɗinka doguwar riga. Sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Tun da na kwanta ita ce mutum ta farko daga waje da ta zauna kusa da ni kamar ba komai.

Sun ɗauki bidiyon aikin da izinina, na roƙe su kar su saka a tallarsu kuma har yau ban gani ba, sun riƙe amana. Ni na tura wa Hajiya da kwastomomina tare da bayanin da yayi min akan yadi. Washegari da yamma aka dawo min da yarana, autana ya ƙanƙame ni ya ƙi sauka har yayi barci.

In za'a bani maki goma in raba, bakwai zan basu. Wadda ke da ƙarfin jiki da mai taya ta gaskiya zata iya yin wannan aikin da kanta da omo da Jik da tsumma, ni lokacin ko shara nayi sai na zauna ina haki shi yasa. In kuma zaki kira su ki ce gogewa kawai kike so banda feshi, ki sa a lissafa miki komai har kujeru da man janareta tun a waya, ki kwashe labule da darduma da kanki, kuma in hancinki bai dawo ba ki fita waje har sai wani mai jin wari yace miki ɗakin ya sha iska.

Har yanzu jikin bai gama dawowa ba, riga biyu nake ɗinkawa a wuni in ji kamar nayi dakan gero, albasa in ana soyawa warin ƙonanniyar roba take min, turaren wuta kuma sama-sama nake jinsa. Likita yace a hankali zai daidaita, kuma in na ƙara murmurewa inje ayi min rigakafi. Mai ankon nan da tace ta yafe, shekaranjiya ta zo da kanta da ƙanwarta amarya, ta tsaya a bakin ƙofa jim kaɗan sannan ta cire takalmi ta shigo, na ɗauko tef na auna su su biyun.