Kokofit da tiren reno: abu mai kyau, amma ya ƙona min irin tumatir mai tsada

Mu nan Kadawa da Garun Malam, tun da ruwan madatsar Tiga ya zo, bedi muka sani wajen renon iri. Ka gyara ƙasa, ka zuba ruɓaɓɓen takin shanu, ka yi yayyafi, ka rufe da ciyawa, sai ban ruwa. Tsadar irin haibirid, wato ingantaccen irin da kamfani ke haɗawa, ita ce ta sa na sauya bana. Irin da ake ƙirga maka ƙwaya-ƙwaya a 'yar leda ba na watsawa a ƙasa ba ne, tururuwa ta kwashi rabonta, wanda ya fito kuma ciwon nan mai tsinke gindin shuka ya kwantar da shi. Shi ya sa na shiga Kano na sayo kokofit, wato garin ɓawon kwakwa da ake matsewa kamar bulo, haɗe da tire mai rami 128.

Kashin farko, gaskiya, ya burge ni. Bulo ɗaya mai kilo 5 na jiƙa, ya kumbura har ya fi ƙarfin bahon da na sa shi. Ba tsakuwa, ba irin ciyawa, ga riƙe danshi. Kusan duk ramin da na sa wa ƙwaya ya fito. Ranar dashe ka ja shukar a hankali ta taho da curin saiwarta fara tas, ka sa a kunya, washegari tana tsaye. Wanda ya saba tumɓuke dashe daga bedi, saiwa ta tsinke, ya yi kwanaki yana laushi kafin ya kama, shi zai san abin da nake faɗa. Har maƙwabta na dinga kira su zo su gani.

Sai na koma shagon na ƙaro na kashi na biyu, wanda shi ne babban. Na yi masa duk abin da na yi wa na farko. Tsirowa ta zo a rarrabe, wanda ya fito ya tsaya cak, bakin ganyen ya ƙone, sannan wani farin abu ya taso a saman ramukan. Ga danshi a tire, amma shuka na yaushi. Malamin gonarmu da ya zo, yana gani ya ce gishiri ne. Ya ce ɓawon kwakwa daga bakin teku ake kawo shi, kuma akwai wankakke akwai wanda ba a wanke ba. Maras wankin sai an jiƙa an tsiyaye ruwan, an maimaita, kafin a sa masa iri. Ledar da aka ba ni babu rubutun komai a jiki, kuma kuɗi ɗaya na biya da na farko. Da na koma wa mai shagon, cewa ya yi: “Haba Alhaji, ai kowa ya san ana wankewa.” Wane ne kowa? Kai da ka kawo sabon abu ka sayar wa manomin ƙauye, ba kai ne za ka faɗa masa ba? Ko haƙuri bai ba ni ba. Fiye da rabin irin ya tafi, kuma ba kuɗin ne kaɗai ke min ciwo ba. Lokaci ne. Tumatir ɗan sanyi ne, in dashe ya makara furensa ya tarar da zafin Maris zubewa yake yi, ka ga me zan kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan?

Tunda raina ya ɓaci, bari in faɗi sauran. Kokofit ba shi da abincin shuka. Da zarar ganyen gaskiya ya fito, wato wanda ke biyo bayan ganye biyun farko, sai ka fara ba shi taki narkakke a ruwa, kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ya koma rawaya. Ƙasar bedi kuwa da takinta take zuwa. Ga hunturu: ramin tire ƙarami ne, iska na busar da shi, safe da yamma sai an ba shi ruwa, babu zancen tafiya biki ka kwana. Tiren kansa in ya sha rana tsagewa yake.

Saboda haka albasa da attaruhun gida da muke cire irinsu da kanmu suna nan a bedinsu, ban ga dalilin kashe musu kuɗi ba. Tumatir haibirid kuwa, duk da abin da ya faru, ba na jin zan mayar da shi ƙasa. Amma bulon da ba a rubuta wankakke a jikinsa ba na daina saye, shagon nan ma na bar shi. Baɗi in Allah ya kai mu zan gauraya da ƙonannen buntun shinkafa, ga shi nan jibge a injinan Kura, in fara gwada tire ɗaya kafin in zuba sauran irin.