Ƙaramin bankin da ke kusa da Kwari: a buɗe asusu, amma a bi a hankali

Masu tambayata ko ya dace su buɗe asusu a ƙaramin bankin nan mara kuɗin ruwa da ke kusa da Kantin Kwari, amsata ita ce ku buɗe, amma kar ku kwashe jarinku duka ku zuba a can. Ba zan kama sunansa ba. Ba talla aka biya ni in yi ba, kuma akwai inda zan taɓa su.

Shadda da atamfa nake sayarwa. Abin da ya kai ni wurinsu shi ne kayan Sallah. Na fara neman rance a babban bankin da na daɗe ina ajiya, irin mai rassa har ƙasashen waje. Suka ce in kawo takardar gida, in kawo bayanin shige da ficen kuɗina, sannan a tura hedikwata a Legas. Manajan reshen ya san ni sarai, muna gaisawa a masallaci, amma ya ce: "Alhaji, wallahi ba a hannuna take ba." Gaskiyarsa ce. Kafin Legas ta amsa an riga an sauko daga Idi.

Su waɗannan kuwa yaro suka turo har shago. Ya zauna a kan benci, ya buɗe littafin bashi na, ya ƙirga bandir ɗin da ke kanta, ya leƙa wurin maƙwabcina ya tambaye shi halina a gabana. Da ya ga na ɗaure fuska sai ya ce: "Baba, yi haƙuri, aikin ke nan." Kuɗi ba su ba ni a hannu ba. Su suka biya dilan, kayan suka zama nasu, suka sayar min da ribar da muka yi ittifaƙi a kanta tun farko, ina biya duk mako. Murabaha ke nan. Ribar ba kaɗan ba ce, kar wani ya ji an ce babu ruwa ya ɗauka sadaka ce. Amma adadin da aka rubuta ranar farko shi na biya, ba a tsiro min da wani caji a tsakiya ba. Masu tsaya min mutum biyu kawai suka nema, da BVN da NIN.

Matsalarsu manhajar waya. Da yamma, lokacin da ciniki ya kankama, sai tiransfa ta maƙale: an cire wa mai saye kuɗi, ni ban ga alat ba, mu tsaya muna kallon juna. Na'urar POS ɗinsu ma sai a hankali. In kana son tsabar kuɗi masu kauri sai ka faɗa tun jiya. Biyan dila a ƙasar waje kuwa ba layinsu ba ne, dole ka koma wa manyan.

Sai babban abin da nake so kowa ya riƙe. Hukumar NDIC mai inshorar ajiya, tun 2024 abin da ta lamunce wa mai ajiya a irin waɗannan ƙananan bankuna naira miliyan 2 ne, a bankunan kasuwanci kuma miliyan 5. Ƙaramin banki in ya durƙushe ba mai tashin hankalinsa a Abuja. A 2023 kaɗai Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin fiye da 100 daga cikinsu. Shi ya sa duk abin da ya haura miliyan 2 ba na bari ya kwana a can.

Wannan rashin daidaito shi ke ci min rai, don na ga yadda aka zo nan. A 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, ya ɗaga jarin da ake buƙata kowane banki ya mallaka daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. An ce mana yanzu sun yi ƙarfi. Ba a daɗe ba wasunsu suka kwashi ajiyar jama'a suka zuba a kasuwar hannun jari da harkar mai. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sallami shugabannin bankuna 8, aka zuba naira biliyan 620 don kar su nutse da mu gaba ɗaya, a 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukan. Wato in riba ce tasu ce, in asara ce ta kowa ce. Kuka in ta faɗi ba ita kaɗai take tafiya ba, har da rumfunan da ke ƙarƙashinta, shi ya sa kowa ke rige-rigen tokare ta.

Abin da na fi yaba wa Sanusi a lokacin shi ne soke tsarin da ya bar banki ɗaya ya haɗa ajiya da inshora da dillancin hannun jari a tukunya guda. Aka ce ko dai su sayar da waɗancan rassan, ko su ware su ƙarƙashin uwar kamfani. Rarraba manyan bankuna ke nan a aikace, irin wanda Sanata Bernie Sanders ya daɗe yana kira a yi a Amurka tun bayan rushewar katafaren bankin Lehman Brothers a 2008. Yanzu kuma iska ta sake juyawa. A Maris 2024 aka ce banki mai lasisin ƙasa da ƙasa sai ya tara biliyan 500, mai lasisin ƙasa biliyan 200. Na san darajar naira ta zube, jarin da ya isa a 2005 ba zai isa yau ba. Amma duk lokacin da aka ɗaga wannan ma'auni, haɗewa ake yi, mai yanke hukunci a kan rancena kuma ya ƙara nisa da Kano.

Ni dai yanzu asusu biyu nake riƙe. Cinikin yau da kullum da sarin kaya a ƙaramin, ajiya mai nauyi da biyan waje a babban. In za ka je, ka je da safe kafin sha ɗaya, ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya da ranar kowane biya kafin ka sa hannu, ka kuma tambaye su abin da suke yi in mako ya kuɓuce maka. Wannan tambayar ta ƙarshe ba sa fara faɗa sai ka matsa.