Wane kayan aiki ya dace da kai wajen sa ido a kan umarni a taminal?

Duk wanda ya taɓa kula da sabar Linux ya san wannan zaman: ka buga `df -h`, ka duba, ka danna kibiyar sama, ka sake bugawa, kana so ka gane ko faifan yana ci gaba da cika. Kafin ka yi sau goma ka manta lambar da ka fara gani. An ƙera kayan aiki da dama domin wannan wahalar, kusan dukansu kyauta ne, amma kowanne da abin da yake ci. Wani lokacinka yake ci wajen saiti, wani data yake sha idan ta waya kake shiga sabar da SSH (hanyar shiga injin daga nesa), wani kuma ba za ka tarar da shi a injin da ba naka ba. Don haka kafin ka sauke komai, ka tsayar da abin da kake nema: halin da ake ciki yanzu, ko lokacin da abu ya canza, ko kuwa inda lamarin ya dosa.

Idan halin yanzu kawai kake so, `watch` ya wadatar, kuma da shi nake ba kowa shawarar farawa. Yana cikin kunshin procps, saboda haka da wuya ka shiga Ubuntu ko Debian ka rasa shi. A Mac ne ba ya zuwa da injin, sai an girka shi ta Homebrew, manhajar girka kayan aiki a Mac. Aikinsa shi ne maimaita umarninka duk bayan daƙiƙa 2, ya share allo, ya nuna sabon sakamako. Da `-n` ake canza tazarar, da `-d` kuma yake haska wuraren da suka bambanta da na baya. Mutane da yawa ba su san `-g` ba, alhali yana da amfani ƙwarai: da zarar sakamakon ya canza sai `watch` ya fita, don haka za ka iya jona masa wani umarnin ya tashi a daidai lokacin da fayil ɗin da kake jira ya iso.

Akwai kuskure biyu da nake yawan gani. Na farko, a rubuta `watch ls | wc -l` ba tare da alamun zance ba, sai bututun (alamar `|` mai miƙa sakamako ga umarni na gaba) ya kwashe abin da `watch` yake fitarwa maimakon na `ls`. Daidai shi ne `watch 'ls | wc -l'`. Na biyun ya fi haɗari: a ɗora umarni mai nauyi irin `du -sh /var` a tazarar daƙiƙa ɗaya, a kan sabar da dama numfashi take da kyar. Mai gadin ya koma cikin masu ƙara mata nauyi ke nan.

Raunin `watch` shi ne ba ya ajiye komai. Ka juya ka amsa waya, abin da kake dako ya bayyana ya wuce, ka dawo ka tarar da allo lafiya lau. Na taɓa kwana ina gadin wani aiki da ke mutuwa ya sake tashi cikin ƴan daƙiƙu, ban kama shi ko sau ɗaya ba. Nan ne `viddy` da `hwatch` suka shigo. Dukansu a yaren Rust ake rubuta su yanzu, kuma dukansu suna riƙe sakamakon kowane zagaye, ka koma baya ka ga yadda allon yake minti goma da suka wuce. `viddy` ya fi daɗin hannu ga wanda ya saba da maɓallan vim (manhajar gyara rubutu a taminal), yana da bincike a cikin sakamako, kuma yana barin ka gangara ƙasa idan rubutun ya fi allo tsawo, abin da kan sa a rasa rabin bayani a tsohon `watch`. `hwatch` kuwa yana iya zuba tarihin a fayil da `-l`, wanda ke nufin kana da hujjar da za ka nuna wa abokin aiki da safe. In dai ni kaɗai zan duba, `viddy` nake ɗauka. In akwai wanda zan yi wa bayani, `hwatch`. Shawara ɗaya: ka sauke fayil ɗin da aka riga aka haɗa daga GitHub, domin haɗa manhajar Rust a ƙaramar saba mai RAM gigabayit ɗaya aiki ne mai cin lokaci.

Fayil ɗin log, inda manhaja ke rubuta abin da ke faruwa, lamarinsa daban, tunda layuka ne ke ƙaruwa. A nan `tail -F` da babban baƙi ya fi `-f`, saboda yana bin sunan fayil ɗin ko da logrotate, manhajar da ke ajiye tsohon log gefe, ya sauya shi da sabo. `less +F` ma yana bin sababbin layuka, da ƙarin cewa kana iya danna Ctrl+C ka tsaya ka yi bincike.

Tambaya ta uku, wato inda abu ya dosa, lambobi a jere ba sa amsa ta da kyau. Ido ya fi saurin gane layin da ke hawa. `ttyplot` ƙaramar manhaja ce da aka rubuta da C, tana karɓar lambobi ta bututu, ta zana su nan take. Misalin da zai yi wa mai fama da netwok amfani shi ne:

`ping 8.8.8.8 | sed -u 's/^.*time=//g; s/ ms//g' | ttyplot -t ping -u ms`

Ka lura da `-u` ɗin da ke gaban `sed`. In ka cire shi, `sed` zai riƙa tara layuka kafin ya sake su, allon ya zauna fayau, ka ɗauka manhajar ce ta lalace. Haka `grep` yake buƙatar `--line-buffered`. Wannan tarawar ita ce ta fi sa mutane su watsar da `ttyplot` tun ranar farko, alhali laifin ba nata ba ne. Iyakarta dai layi ɗaya ko biyu take zanawa, kuma da ka rufe ta komai ya tafi.

Wanda ke son allo guda ya haɗa abubuwa da yawa sai ya duba Sampler. Ana rubuta masa fayil ɗin saiti na YAML, a ciki a jera umarnai da tazarar kowanne, a zaɓi yadda za a nuna shi: zanen layi, sanduna, ma'auni ko rubutu zalla. Yana kuma iya yin ƙara idan lamba ta haye iyakar da ka sa. Yana da kyau a ido sosai, amma ya daɗe ba a fitar masa da sabon bugu ba, kuma allon da ke motsi a wurare shida ya fi `watch` shan data ta SSH. Ya dace da aikin da kake maimaitawa kullum. Ga matsalar da ta taso da tsakar dare, kafin ka gama rubuta YAML ɗin `watch` ya riga ya ba ka amsa.

Duk wanda ka zaɓa, ka tada shi a kan sabar a cikin tmux, manhajar da ke riƙe aikinka yana gudana ko da ka fita. Idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke, `tmux attach` zai mayar da kai inda ka tsaya, tarihin `viddy` yana nan bai ɓace ba. Idan kuwa ka ga kana son sanin abin da ya faru makon jiya, ko kana son saƙo ya tashe ka daga barci, to ka wuce aikin taminal. Prometheus mai tattara lambobi da Grafana mai zana su ne wurin zuwa, tare da nauyin kula da su.

A sabar da ba tawa ba, `watch -d` da `tail -F` kawai nake amfani da su, ba na girka wa mutane komai. A tawa kuwa na ƙara `viddy` da `ttyplot`, su biyun ba su ɗauke ni minti goma wajen girkawa ba.